Ƙwai a Cikin Madara

Asabar ɗin ƙarshen shekara, la'asar sakaliya,
muka hallara a Fagge, shagon Tasi'u mai ɗaurin littafi,
inda warin gam ke riga mai shago amsa sallama.
Ƙa'idarmu ba ta da yawa:
kowa ya faɗi abin da yake karantawa,
ban da ƙarya, ban da tona ƙarshen labari.

Barira ce ta fara. Nata mai kauri ne,
labarin matar da ta gaji rijiya a garin ƙishirwa.
Wata uku tana shafi na casa'in.
Ta ce ta hango mutuwa na tafe wa matar,
shi ya sa take jan ƙafa.
Sagir tarihin jirgin ƙasa yake bi, tasha bayan tasha,
har ƙugin na tashinsa cikin dare.
Ni na ɗaga nawa, marar bango,
wanda na ƙwato hannun mai tsire a Gwammaja
kafin ya naɗe wa wani nama da shi.
Ban san sunansa ba, ban san mai shi ba,
na dai san mutumin ciki yana bin ƙanensa bashi
kuma kunya ta hana shi tambaya.

Sai ga Rifkatu daga Sabon Gari, a makare,
fulas a hammata, kofunan roba cikin leda.
"Na Kirsimeti ne," in ji ta. "Yayata da ke ƙasar sanyi
ta koya mini ta waya.
Madara, sukari, kirfa, gyaɗar ƙamshi,
sai gwaiduwar ƙwai."

Shago ya yi tsit.

Malam Ɗanliti ya sauke tabarau kan karan hanci.
"Ƙwai dai na kaza? A sha?"
Ta ce an dafa shi, kuma ba abin da ke juya kai a ciki.
Ya ce shi a saninsa gidan ƙwai kasko ne,
maƙwabcinsa burodi, waliyyinsa mai shayi,
duk wanda ya kai shi kofi ya raba shi da danginsa.
Tasi'u ya miƙa masa nasa yana dariya:
"Malam, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Barira ta kurɓa, ta lumshe ido,
ta ce kunun gyaɗa ne da ya yi boko.
Sagir ya ce irin littafin nan ne mai doguwar gabatarwa,
rabin kofi ka gane inda aka dosa.
Tasi'u ya ce a ƙara citta da kanumfari,
shekara biyu ya zama ɗan gari.
Rifkatu ba ta kare shi ba.
Ta ce ita ma ba daɗinsa take bi ba,
muryar yayarta take ji in tana kaɗawa,
tana cewa a hankali, a rage wuta, kada ya tsinke.

Muka koma kan rijiya da jirgi,
gardama ta yi zafi kan ko marubuci na da ikon kashe wanda muke so.
Ba wanda ya lura da Malam Ɗanliti
sai da ladan ya kira magariba,
Rifkatu ta jijjiga fulas, ba motsi.
Yana neman takalmi, kansa a ƙasa, ya ce,
"Wai gwaiduwa nawa kika ce?
Jikata ce za ta tambaya."

A gida na buɗe marar bangona.
Ɗigo guda ya faɗa shafi na arba'in,
daidai kan adadin bashin, tawada ta narke.
Yanzu ni ma ban san nawa ake bin ƙanen ba.
Shafin dai yana ƙamshin kirfa,
kuma na kasa wuce shi.